Madubi Uku

Bai wuce tafin hannu ba,
maɓallai shida, gilashi da tsaga a kusurwa.
A gwanjon Kasuwar Bacci na tsince shi,
tsakanin takalma da igiyoyin caja.
Kamfanin da ya ƙera shi, an ce, ya rufe ƙofa,
ya bar mu da maraya a aljihu.

Mu talatin da 'yan kai ne a garin nan.
Abin da aka yasar, mu muka rene shi.
Lurwanu ya rubuta wasan dara, gurbi talatin cif,
Asabe ta mayar da rubutun allon Hausa,
lanƙwasar ƙa da ɗa da hannunta ta zana,
Tanimu ya yi tseren Keke daga Mando zuwa Kawo,
har ramin kwalta bai manta ba.
Duk muka zuba a faifai guda
a ɗakin Habila, Barnawa, dab da kogi.
Rumbu muke ce masa.

Mai son sabo ya tsallaka gada
da memori a naɗin hula,
Habila ya kwafa masa, a sha zoɓo, a yi musu.
Na taɓa cewa a yi na biyu.
Aka ce faifai tsada, a bari sai bayan salla.

Kogi bai jira salla ba.
Cikin Agusta, da tsakar dare, ya shigo ba sallama,
ya ɗaga katifa, ya sha littattafai,
ya zauna a kan tebur.
Kwana uku faifai na kwance a buhun shinkafa.
Da muka jona shi, sai ƙas, ƙas, ƙas,
kamar tsaka a bango.
Sannan shiru.

Muka fita kala, gida gida,
kamar mata a gonar gyaɗa bayan girbi.
Wannan na da dara, amma tsohuwa, mai cin zarafin doka.
Waccan na da Hausar allo, rabi.
Wani tela a Kakuri ya zazzage aljihun tsohon wando,
sai ga katin da ya ba mu kashi bakwai cikin goma.

Tseren Keke, zango na farko kawai muka samu.
Tanimu ya rasu tun bara, da sauran a kansa da rumbu.
Yanzu in ka kai gadar Kawo, allo ya yi baƙi.
Nakan tuƙa har wurin, in tsaya, in sake.

Yau madubi uku gare mu:
ɗaya a shagona, Tudun Wada, ƙarƙashin teburin gyaran waya,
ɗaya wurin Asabe a Kawo,
ɗaya a Sabon Tasha, inda Habila ya koma kan tudu.
Hagu da dama na kogi, kowa da nasa.
Daren Juma'a, ƙarfe ɗaya, sa'ad da data ke araha,
su ukun su dubi juna.
Abin da ɗaya ya samu, biyu su ɗauka.
An sha ɗauke wuta muna kashi casa'in da bakwai,
in ji Habila ta waya yana kiran sunan Allah da yarensu.

Sannan mu karanto lambar tantancewa,
doguwa, harafi da alƙalami a cakuɗe,
ni ina faɗa, Asabe na bi da yatsa.
Ɗaya ya saɓa, a koma farko.
Matata ta ce ko kuɗin cefane ban ƙirga haka.

Jiya wani yaro ya zo daga Rigasa,
nasa ɗaure da kyauro, batir na leƙowa.
Nawa ne? in ji shi, yana murza ɗari biyar.
Na ce mayar aljihu, kuɗin motarka ne.
Kana da aboki mai irinsa?
Ya ce biyu.
Na buɗe durowa, na laluba kati na biyu,
na busa ƙura, na soka shi,
muka zauna muna kallon koren layi yana rarrafe.